Kujerun Aro Daga Doguwa Zuwa Gidan Zoo

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da abokiyar aikina da ta sauke ni a gidansu a Doguwa, muka nufi tasha. An yi yayyafi da yammacin ranar da na iso, irin na bankwanan damina, ƙasa tana ta ƙamshi. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun bayan gari kamar audugar da aka shanya aka manta ba a kwashe ba. Da wata rana ce da na tsaya kallo. Ranar nan kuwa takardar tsarin tafiya ce a hannuna.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su san mafarin tafiyar ba. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sayar da irin shuka da taki. Babban ofishinmu yana Bebeji, muna da shaguna a Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Duk shekara idan kaka ta yi, aiki ya lafa, Oga kan fita da ma'aikata yawon shaƙatawa don a saba da juna. Sai dai motar ofis mutum biyar take ɗauka. Don haka kullum 'yan Bebeji ne ke zuwa, su ma ba duka ba. Sauran sai dai su ga hotuna a waya, su rubuta "Masha Allah" a ƙasa.

A shagonmu na Doguwa akwai wani dattijo mai kula da sito, kowa Baba yake ce masa. Ya fi kowa daɗewa a kamfanin, kuma ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki. Kusan kullum sai mun yi waya da shi. Wata rana muna gama maganar aiki sai ya ce, "'Yata, ashe haka zan bar aikin nan ban ga fuskokin mutanen da nake gaisawa da su a waya kowace safiya ba." Dariya ya yi da ya faɗa, amma ni maganar ta zauna min a ƙirji.

Da aka ce bana gidan zoo za a je a Kano, sai na ji bakina ya buɗe a taro, na ce me zai hana a tafi da kowa. Oga ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce babu kuɗin shatar mota, amma zai biya wa kowa kuɗin motar haya. "In kin kawo min su ƙofar gidan zoo ƙarfe sha ɗaya, ya zama al'ada. In kuwa kika watsar min da mutane a titi, kada wanda ya sake ta da maganar nan." Anti akawu ta tuntsire da dariya, ta ce, "Wannan? Wadda mota ta wuce garinsu da ita tana kallon balbela?" Ban musa ba, domin an yi hakan.

Kowa ya san halin motar haya a wajenmu: ba agogo ke tashinta ba, cika ke tashinta. In na ce kowane shago ya nemi motarsa, wasu za su isa Kano da hantsi, wasu sai la'asar. Baba kuma rabonsa da birni har ya manta. Dole sai mota ɗaya. Amma wane direba ne zai bar Doguwa da mutum huɗu kacal, don an ce masa sauran suna gaba?

Kwana uku ina juya abin, har na tuna da wani abu da kowa ke gani ba ya kula. Ba duk mai shiga motar Kano ne Kano za shi ba. Wasu Tudun Wada suke sauka. Masu zuwa Zariya kuma a Kwanar Dangora suke sauka su tsallaka titi su nemi wata motar. To me zai hana mu cika motar da irin waɗannan kaɗai? Duk inda suka sauka, mutanenmu na tsaye suna jiran kujerun. Kujera ba za ta taɓa zama babu kowa ba, direba bai yi asarar ko sisi ba. Bas ɗin mutum goma sha huɗu take ci: mu huɗu daga Doguwa, huɗu a Tudun Wada, 'yan Kiru huɗu a Kwana, sai 'yan Bebeji biyu da motar ofis ba ta ɗauka ba, su tsaya a mahaɗar Bagauda. Na sa wa sauran kujerun suna kujerun aro.

Shi ya sa na zo Doguwa tun ana gobe tafiya, Baba ya raka ni wurin shugaban tasha. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka tambayi gida da gona da gajiya, sannan na karanto tsarina. Shugaban ya saurara har ƙarshe, ya ce shekarunsa a tasha ba a taɓa zuwa masa da lissafi irin wannan ba, amma bai ga haram a ciki ba. Ya kira direban da ke kan layin farko na safe. Shi kuwa bai ɓoye min komai ba.

"Malama, mota ba ta shan alkawari, mai take sha. Minti biyar zan tsaya a kowane wuri. In mutanenki ba sa bakin titi, duk wanda ya ɗaga hannu shi ne fasinjana."

Na ce na yarda.

Da muka iso tashar da asubar nan, Baba ya riga mu. Ya sha farar shadda da guga har tana ɗaukar ido, da hula zanna sabuwa fil, ga kula a gefensa. Ɗan kamasho yana ta kira, kiran da ban taɓa jin irinsa ba: "Tudun Wada! Kwana! Ban da Kano! Kano a jira ta biyu!" Wani mutum mai jakar hannu ya tsaya yana faɗa, wai tunda yake bai taɓa ganin motar Kano da ke gudun ɗan Kano ba. Na ji kunya ƙwarai, na je na ba shi haƙuri. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya kyauta, ya koma benci.

Kafin rana ta gama fitowa mun cika. Akwai wasu mata biyu Fulani da ƙoren nono za su Tudun Wada, da wani mai gyaran injin casa da ɗan'uwansa, sai 'yan kasuwa shida masu zuwa Zariya. Direba ya yi bismilla, muka ɗauki hanya ƙarfe shida da rabi.

Wanda bai taɓa ratsa dajin Falgore a ƙarshen damina ba, akwai sauran kallo a gabansa. Bishiyoyi sun haɗe kai ta sama, hasken safiya yana zubowa ta tsakaninsu siri-siri. Ciyawa ta fi mutum tsawo. Hanyar dai sai haƙuri, akwai wuraren da direba ke bin gefe yana lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun wuce shingen jami'an tsaro, aka leƙo aka gaisa aka ɗaga mana hannu. Can gaba sai ga garken birai a bakin titi, wani babba ya zauna a kan dutse ya harɗe, yana kallonmu kamar shi ma kuɗin hanya yake karɓa. Baba ya ce, "To ga shi nan. Mun baro su a gida kyauta, za mu je birni mu biya mu gan su." Har matan nan masu nono suka rufe baki da gyale suna dariya.

Takwas saura kaɗan muka shiga Tudun Wada. Garin yana ƙamshin sabuwar shinkafa, an baje ta a kan tamfol ko'ina, injinan casa sun fara ruri. Tun daga nesa na hango mutanenmu huɗu a gindin bishiyar da muka yi da su, sun jeru kamar 'yan makaranta. Huɗu suka sauka, huɗu suka hau. Ko minti uku ba mu yi ba. Na leƙa ta taga na sayi ƙosai na ɗari biyar, aka ƙirgo min 'yan ƙwayoyi da bara da ninkinsu za a ba ni, amma da zafinsu, ga yaji mai daɗi.

Wani dogon saurayi daga cikinsu ya yi sallama ya zauna. Baba ya juyo da sauri. "Tsaya! Kai ne mai kirana kana cewa a duba maka ko irin masara ya rage? Ashe siriri ne kai haka, da murya kamar ganga!" Motar ta kaure da dariya. Direba ya kalle ni ta madubi ya gyaɗa kai. Na ji kamar an ɗora min lambar yabo.

Nan ne fa na saki jiki. Daga Tudun Wada gonakin shinkafa ne hagu da dama, sun nuna sun yi ruwan zinariya, iska na bi ta kansu tana kwantar da su tana tayarwa. Mata sun sunkuya suna yanka, tsuntsaye na tashi gungu-gungu. Na jingina kai da gilashi, har na fara haɗa wasu baituka a zuciyata. Ban farga ba sai da na ji ɗaya daga cikin 'yan Zariya yana cewa a miƙo masa jakarsa, an kusa Kwana. Sai a lokacin na kira 'yan Kiru.

"Muna cikin mota tun ƙarfe bakwai," in ji wadda ta ɗauka. "Saura mutum uku ta cika."

Nan na gane kuskurena. Na zauna na tsara babbar mota kujera bayan kujera, na manta cewa 'yar ƙaramar motar da za ta fito da su daga Kiru zuwa bakin titi ita ma dokar tasha ce a kanta. Na ce su sauka yanzu-yanzu su hau babura, kowa nasa. Ta ce ko sun yi haka sai sun yi kusan minti ashirin da biyar. Mu kuwa saura minti goma mu isa. Minti biyar aka ba ni. Ko wanda bai iya lissafi ba ya san akwai giɓi.

Kwanar Dangora ba wurin da kujera ke kwana ba ce. Nan hanyarmu ke haɗuwa da babban titin Kano zuwa Zariya, masu rake da masu gasasshiyar masara da masu ruwan leda duk suna bin kowace mota da gudu. 'Yan Zariya shida na sauka, 'yan kamasho suka yi mana caa, kowanne da fasinjan Kano a bayansa. Kujeru biyu na ba wasu mata masu sarin kifi da za su Bagauda, wannan yana cikin tsari. Saura huɗu, ga su nan a buɗe, kowa na gani.

Sai Baba ya cire hularsa ya ɗora a kan kujera ɗaya.

A tasha, in mutum ya ajiye kayansa a kujera, ya kama ta ke nan, ba mai ɗagawa. Amma jaka ake ajiyewa ko leda. Dattijo mai furfura ya zauna kai babu hula a tsakiyar kasuwa, wannan wani abu ne daban. Abokiyar aikina ta ajiye jakarta a ta biyu, dogon saurayin nan ya cire takalminsa ƙafa ɗaya ya ɗora a ta uku, aka sa kular Baba a ta huɗu. Wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Baba, hula ce za ta Kano?" Baba ya ce, "Mai kujerar na tafe, ɗana. In ka ga dama ka ɗaga ta da hannunka." Mutumin ya dubi furfurar, ya sosa ƙeya, ya ja da baya.

'Yan kamasho sun ji kunya, amma direba agogonsa yake kallo. Minti biyar suka cika. Ya tayar da mota, ya ce, "Malama, mun yi magana da ke. Hula ba ta biyan kuɗin mota." Gaskiyarsa ce kuwa. In ya cika da wasu, 'yan Kiru sun tashi a banza. In ya yi fushi ya ce mu sauka mu nemi wata, to Baba ma ba zai ga ƙofar gidan zoo a kan lokaci ba.

Ni ba mai magana da ƙarfi ba ce, ko a gida sai an ce in maimaita. Amma na sauko na zagaya wajen tagarsa. Ban san daga ina tunanin ya zo min ba, sai dai na tuna yadda na sha ganin motocin garuruwanmu jere a tashar Kano, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna jiran layi. Na ce, "Malam direba, in ka isa Kano, sai yaushe layi zai zo kanka ka dawo?" Ya ce wani lokaci sai washegari. Na ce, "To mu goma sha huɗu ne, kuma yau za mu dawo. Ƙarfe huɗu muna ƙofar gidan zoo. Ka ƙara min minti goma, dawowar taka ce."

Ya bubbuga sitiyari da yatsa. Ya ce sai ya sanar da 'yan ƙungiyarsu na can, kada a ce ya yi lodi a bayan tasha. Na ce ya sanar. Ya ɗauki waya. Kafin ya gama, Baba ya buɗe kular nan, ashe waina ce matarsa ta soya tun da duhu, da ƙuli-ƙuli dakakke. Ya miƙa masa ta taga, ya ce, "Bismilla, ai ba ka karya ba." Direba ya kashe mota.

Yana kan waina ta huɗu muka ji ƙarar babura. Guda huɗu, a jere, sun taso daga hanyar Kiru, ta gaba gyalenta na tashi a iska kamar tuta. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga hannu biyu sama ba. Motar gaba ɗaya ta ɗauki tafi, har da matan kifi da ba su san kan zancen ba. Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta, ya mayar, ya ce wa wadda ta zauna a wurin, "'Yata, kujerar nan da tsada kika same ta."

Daga nan hanya ta miƙe. A mahaɗar Bagauda matan kifi suka sauka, 'yan Bebeji biyu suka hau, har sun gaji da tsayuwa sun sayi rake suna sha. Ba a hango tafkin daga titi, amma iskar wurin da ɗanshinta. Muka wuce filayen Kadawa da Kura, ruwa kwance a fadamu yana ɗaukar hoton sama. A karon farko duk wanda ke cikin motar namu ne. Surutu ya ɓarke, ana ta tonon asirin juna, wa ke kashe waya in an tambaye shi rahoto, wa ke cewa "ina hanya" alhali yana gida. A Na'ibawa cunkoso ya riƙe mu, ina kallon agogo ina salati. Da a tsarina a tasha za mu sauka mu nemi adaidaita huɗu. Amma direba ya ce tunda nan zai dawo ya ɗauke mu, gara ya ga wurin da idonsa. Ya kai mu har ƙofa.

Sha ɗaya saura minti goma sha biyu. Oga na tsaye a jikin motar ofis. Muna fitowa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da leɓe, da ya kai goma sha huɗu sai ya cire tabarau ya goge. Ya taho ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya rusuna. Anti akawu ta rungume ni ta raɗa min, "Na janye maganar balbela."

Gidan zoo kuwa mun sha kallo. Zaki yana barci, ya juya mana baya, duk kiran da aka yi masa ko kunne bai kaɗa ba. Jimina ta zo har bakin wayar shinge tana kallonmu da manyan idanunta masu gashi, kamar wadda aka yi wa kwalli. Kada na kwance baki buɗe, har aka yi musu ko na gaske ne, sai da ya lumshe ido. Da muka zo wajen birai Baba ya ce shi wucewa zai yi, ya gaisa da danginsu da safe. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, aka yi jan igiya, 'yan shaguna suka kayar da babban ofis har Oga ya zauna a ƙasa. Aka yi sallar azahar, aka ci dafa-duka da zoɓo mai sanyi. Ni dai na fi kallon Baba. Ya ƙi zama wuri ɗaya. Yana bin mutane ɗaya-ɗaya, ya zauna kusa da kowa, ya tambayi iyayensa da garinsu, ya daɗe yana dubansa.

Kafin a tashi Oga ya yi gyaran murya, ya ce daga bana babu sauran fita ta mutum biyar. Baba ya ɗaga hannu ya ce yana da roƙo ɗaya: tunda baɗi yana gida ba aiki, a zo masa Doguwa, shi zai sauki kowa, a ga duwatsu. Aka amsa da kabbara.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan direbanmu ya iso, har ya wanke mota. Dawowa ni ce cikin masu fara sauka. Ina taka ƙasa a mahaɗar Bagauda, wata mata da kaza a hammata ta shige kujerata, motar ta ja, hannaye na ɗago min ta taga. Na hau babur na isa gida ana kiran magariba, ƙafafuna sun yi nauyi, zuciyata kuwa kamar auduga. Bayan isha saƙo ya shigo cewa 'yan Doguwa sun sauka lafiya.

Abin da tafiyar nan ta koya min, tasha tana da dokokinta, kuma ba don mugunta aka kafa su ba, kowa abincinsa yake karewa. In ka je da gaisuwa, ka fahimci abin da mutum ke tsoron rasawa, sai ka ga dokar da kake zaton za ta tare ka ita ce ta ɗauke ka. Na kuma koyi cewa komai kyan tsari a takarda, akwai 'yar ƙaramar motar da aka manta, kuma ranar da ta tsaya, mutanen da ke tare da kai ne za su riƙe maka wuri. Kallon gonaki ban daina ba, sai dai yanzu sai na gama kiran waya.

Baɗi in Allah ya kai mu, 'yan babban ofis ne za su yi sammako su tsaya a bakin titi. Yau da safe Anti akawu ta leƙo ofishina, ta rage murya, ta tambaye ni wai tsakani da Allah, ƙarfe nawa mutum zai tashi in yana so ya riski motar.